Kwamfuta Biyu a Zauren Kalgo

Ƙarshen damina ne. Gero ya rusuna don nauyi, tun daga Gwandu har Dalijan ba ka ganin ƙasa sai kore. Shekara ce mai sauƙi a zuciya. An ce siyasa za ta dawo, ko'ina ka juya hoton wani ne manne a bango ko a jikin itacen bedi, mutane kuma sun koma yin dariya da ƙarfi a bakin titi.

A shekarar ce ɗiyata ta fari ta gama karatun kwamfuta a Birnin Kebbi. Ba na faɗin sunanta, har yau. Haka muka taras: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun yaye aka kai ta Kalgo wurin mahaifiyata, can ta girma, shi ya sa nake ce mata 'yar Kalgo, ita kuma tana ce mini Adda, kamar yayarta. Sai da tsohuwa ta rasu ta dawo ɗakina. Ban daɗe da fara sanin sautin tafiyarta a tsakar gida ba.

Hanya biyu ce a gabanta. Wani ofis a Kaduna ya ce ta zo ta riƙa rubuta musu manhaja, wato umarnin da ake tsara wa kwamfuta ta yi lissafi da ajiyar bayanai. Ko kuma ta zauna gida tana zana katin aure, kalanda da hotunan 'yan takara, ana kaiwa Sakkwato a buga. Ko wanne ta ɗauka, sai da kwamfutarta ta kanta, irin wadda ake ɗorawa a cinya.

Taubashina da ke Kalgo, a gidan da tsohuwa ta zauna, ɗan kawuna, shi ke saro kayan lantarki na hannu daga Kwatano. Ya aiko cewa ya zo da guda biyu. Ta ce in raka ta. Na yi mamaki, amma na yafa mayafi.

Muna yin sallama ya fara.

"A'a, baiwata ce da kanta? Ke da rediyo ma sai an kunna miki, mi kika zo gani?"

"Na zo ganin ko ka daina sai da matattun kaya," na ce masa.

"Matattu? Tsaya ki ga ikon Allah, 'yar ƙauye."

Ya shimfiɗa darduma a zaure ya jera su. Ɗaya baƙa ce mai kauri, gefenta ya ɗan goge. Ɗayar ta fi kyaun gani, da ya kunna ta har wani ɗan sauti ta yi mai daɗi. Ni da na yi yaƙi da jahilci sai na tsaya neman baƙaƙen da na sani a kan madannan. Duk suna nan, amma a watse, ba yadda malamarmu ta jera mana a allo ba.

Yarinyar ta zauna ta tanƙwashe ƙafa. Ta yi bayani, fuskarta na wajen kawunta, amma na san da ni take. Ta ce ba jikin ne abin dubawa ba, kowace akwai babbar manhajar da ke tafiyar da ita, kuma ba iri ɗaya ba ce. Mai kyaun nan irin ta masu ɗab'i ce, launi na fita a cikinta yadda zai fita a takarda, in ta sa zane a ɗan faifai ta kai Sakkwato, injinsu zai karɓa nan take. Baƙar kuwa irin wadda ke kowane ofis ce. Da irinta aka koya musu rubuta manhaja, da irinta ake aiki a Kaduna. Abin da aka rubuta wa ɗaya, ɗayar ba ta saninsa.

"To ki kwashe duka biyu," in ji shi. "Uwarki na da tumaki."

"Kawu, ɗaya dai."

Ta gwada mai kyaun. Nan da nan ta zana fure da ganye a kewaye, irin na katin ɗaurin aure, ja da ruwan zuma. Ban san na matso ba sai da gwiwata ta taɓa tata. Na ja baya. Ta koma kan baƙar, ta cika fuskar kwamfutar da ƙananan rubutu, ta danna wani abu, lissafi ya zubo. A nan na ga ta yi murmushi, ɗan kaɗan. Ta tambayi daɗewar batir, don wutarmu ta Gwandu ba ta da alkawari. Ya rantse, ta ce ya cire waya a gani. Muka zauna muna jira, aka kawo mana fura.

Can sai ta juyo ta dube ni sosai, abin da ba ta saba ba.

"Adda, wacce kika gani?"

Na san abin da take tambaya. Shi ma ya sani, don ya bar zolaya ya shiga gyaran wata waya da ba ta lalace ba. Amsar tana bakina: mai furen. Amma a gaban ɗan kawuna, a zauren gidan da uwata ta raine ta, in buɗe baki in ce ina son ɗiyar fari kusa da ni? Ba a yi mini tarbiyyar da zan iya ba.

Na ce, "Mi na sani a ciki? Ki tambayi kawunki."

Ta ɗan jira. Sannan ta rufe mai furen a hankali, ta jawo baƙar.

"Wagga za ni ɗauka, Kawu."

A mota ta rungume ta a ƙirji, ni ina kallon gonaki. Da muka wuce wani rami ta kai hannu ta tare ni. Har yanzu ban sani ba ko da na yi magana za ta zauna. Wataƙila baƙar take so tun farko. Na dai san ta tambaya.

Washegari bayan sallar asuba na buɗe adaka na ciro zanen saƙi na aurena, na yanka. Na auna da tafin hannu, na yi ninki biyu, na cusa auduga a tsakani don kada jijjigar hanyar Kaduna ta taɓa na'urar. Kafin hantsi na gama ɗinkin jakar. Na ajiye a bakin ƙofarta, na tafi na hura wuta.