Allurai Talatin a Masaƙar Maska

Ranar Talata, kwana huɗu bayan Sallar Layya, da hantsi, mu huɗu muke a rumfar masaƙa ta gidanmu a Maska: baffana, wanda shi ne babba cikin masaƙan unguwa, ɗansa na fari, gwaggona, wadda ta tsaya daga bakin rumfa domin mata ba su zama a cikinta, sai ni. A ranar na kwance akwatin da na ɗauko a kaina tun daga Lakwaja. Turawa ba su shigo ƙasar Katsina ba tukuna a lokacin.

Dole in faɗi yadda aka yi ɗan masaƙi ya kai shekara ashirin da biyar bai taɓa riƙe ƙoshiyar saƙa ba. Ina da shekara bakwai mahara suka ɗauke ni a gonar auduga. Aka yi ta sayar da ni hannu zuwa hannu har bakin Kwara, inda mutanen mishan suka fanshe ni, suka sa ni a makarantarsu. Can na koyi karatu da rubutu da awo, a hannun wani malami wanda ba ya karɓar layi idan ya karkace ko da faɗin gashi. Shi ne ya koya mini aiki da wani ƙarfe da aka kawo daga ƙasar Turawa, wanda yanzu ake kira keken saƙa. Da zan taho gida tare da fatake, ya ba ni shi, ya ce in ci abinci da shi.

Na iso na tarar mahaifina ya rasu shekara biyu da suka wuce, mahaifiyata kuwa tun da daɗewa. Gurbinsa a rumfa yana nan babu kowa. Al'adar gidanmu ita ce, gurbin uba na ɗa ne, tare da ɗakinsa da gonarsa, amma sai ɗan ya shimfiɗa saƙar hannunsa a gaban manya sun karɓa. Wanda bai yi ba, baƙo ne: a ba shi tuwo, a yi masa sannu, a jira ranar tafiyarsa. Ɗan baffana yana da mata da 'ya'ya uku a ɗaki guda, kuma shekara biyu ke nan yana kallon wannan gurbi. Ban ga laifinsa ba a lokacin, ban gani ba har yau.

Ga yadda keken yake. Ganga ce ta ƙarfe, faɗinta bai kai taƙi ba, an tsattsaga jikinta tsaga sittin a tsaye, kowace tsaga da allurarta. Allurar ba ta ɗinki ba ce. Kanta ƙugiya ne, kuma a ƙarƙashin ƙugiyar akwai wani ɗan harshe da bai kai ƙwayar shinkafa ba, wanda yake buɗewa yana rufewa da kansa. A kewayen gangar akwai zobe mai hanya a cikinsa, hawa ɗaya da gangara ɗaya. Idan aka juya hannun keke, zoben yana zagayawa, kowace allura ta hau ta kamo zare, ta gangaro, harshen ya rufe ƙugiya, tsohon zarge ya zame ta kansa ya faɗa ciki. Haka saƙa take sauka ta tsakiyar ganga, a kewaye, kamar hannun riga. Babu ƙarfi a cikin aikin. Dukansa ya rataya a kan wannan ɗan harshe, da kuma zaren da zai yarda ya lanƙwashe.

Baffa ya zagaya shi sau biyu, hannayensa a baya.

"To, ina allirarsa mai ɗaga zare? Ina matsefin da ke matse saƙar?"

"Babu, Baffa. Allurai ne ke yin kome."

"Ina ake wadari?"

"Ba a yi. Zare ɗaya ne tak."

Ɗansa ya yi dariya. "Zare ɗaya, Baba. Ashe gizo-gizo suka mai da shi a can."

"Rufe mana baki," in ji baffa. Ya juyo gare ni. "Ɗana, ni ban san wannan ba. Amma ban ce ba saƙa ba ce sai na gani. Juma'a ta sama, bayan an sauko masallaci, ka kawo abin da ka yi. Me kake bukata?"

Na ce zare, kuma mafi kyau da ake da shi. Wannan kalma tawa ce, ba wanda ya sa mini ita a baki.

A wurin masaƙi, zare mafi kyau shi ne zaren tsaye: siriri, mai murɗi sosai, wanda aka tsoma a ruwan gasara aka shanya har ya yi tsauri kamar tsarkiya. Gwaggona ita ce gwanar kaɗi a unguwa. Ta fito da wanda ta yi wata uku tana ajiyewa, baffa da kansa ya tsoma shi, ya shanya, ya kawo mini. Alheri suka yi mini. Ni kuwa zaren da na saba da shi a Lakwaja na Turawa ne, mai laushi, a naɗe yake zuwa, ban taɓa tambayar kaina me ya sa yake da laushi ba. Na shafa na gwaggo na ji santsinsa da daidaitonsa, na yi murna.

Ranar Laraba na kafa keke a kututturen da ke bayan ɗakin mahaifina. Zagaye na farko ya tafi. A na biyu hannu ya yi nauyi. Zargen ya ƙi zamewa, ya tsaya a wuyan allura ƙiƙam. Dokar farko da malamina ya koya mini ita ce, idan hannu ya yi nauyi a tsaya a duba. Na san dokar, na sha bulala a kanta. Amma akwai mutane a kan katanga suna leƙe, sai na danna. Na ji ƙas, ƙas, ƙas. Harsuna uku suka karye.

Ina da allurai goma na ajiya. Na musanya, na sassauta ƙusar da ke ƙara tsawon zarge, na sake. Biyu suka tafi. Na jiƙa zaren, ya yi danƙo, ya toshe tsagogi. Na wanke ganga da tsinke tsaga bayan tsaga, na shafa man gyaɗa, na sake. Kafin Juma'a ta farko na ajiyar sun ƙare. Ranar Asabar na ƙirga na jikin ganga masu rai, arba'in da ɗaya. Na daina cin abinci sosai. Kowace safiya sai in shimfiɗa karyayyun a kan fata in jera su, kamar jerawar za ta mayar da harsunansu.

Aka ce akwai maƙeri a Tsiga wanda yake ƙera allurar dukawa, har da kwaɗon ƙofa. Na tafi a ƙasa, na kwana a hanya. Ya karɓi allura mai rai, ya kai ta kusa da idonsa, ya kaɗa harshen da farce.

"Wa ya ƙera wannan?"

"Turawa."

"Da hannu?"

"Ban sani ba, Baba."

"To ni na sani. Ba da hannu ba. Ƙugiyar zan yi maka ita kafin ka sha ruwa. Amma in huda wannan ɗan abu, in sa masa ƙusa, ya riƙa lilo? Samari, ka kawo mini ƙuda in yi masa kaciya, ya fi mini sauƙi."

Na roƙe shi. Na durƙusa a gaban maƙera, abin da ban taɓa yi wa malamina ba. Ya ji tausayi ya gwada, yini guda cur. Ya yi guda biyu. Ɗaya ta fi tsaga kauri, ɗaya harshenta ya ƙi motsi. Ya miƙo mini su, ya ƙi karɓar kome, ya ce in gai da baffa.

Na dawo Maska ranar Talata da la'asar, saura kwana uku. Na sake gwadawa a hankali, ina taimakon kowane zarge da tsinke. Duk da haka huɗu suka ƙara tafiya. Saura talatin da bakwai. Na zauna a ƙasa na jingina da kututture. Ban san wani wuri a duniya da zan je ba. A Lakwaja ni Bahaushen da aka fansa ne, a nan kuma ɗan da bai iya saƙa ba.

A haka gwaggo ta same ni da ƙwaryar fura. Ta ajiye, ta duƙa tana kallon allurar da ke hannuna.

"Ɗan nan, nuna mini abin da take yi wa zaren."

Na nuna mata da yatsa, yadda ƙugiya ke janyo shi ta cikin zarge.

"Au, lanƙwasa shi take yi? Ba miƙe shi take ba?"

"Lanƙwasawa, Gwaggo."

"Kai, amma an yi wawa. Ka ce mana mafi kyau, muka ba ka mai taurin kai. Wa ke lanƙwasa zaren tsaye? Abawa take so."

Abawa ita ce zaren kwance, mai kauri, mai sakin jiki, wanda ake koya wa 'yan mata kaɗi da shi. Ba wanda zai miƙa wa baƙo abawa ya ce ga mafi kyau. Na ce mata ta yi kauri, ba za ta shiga tsakanin allura da allura ba. Ina cikin faɗin haka na ga amsar. Idan na cire allura ɗaya na bar ɗaya, tazarar ta ninku, kuma talatin kawai nake bukata. Ina da talatin da bakwai.

Ranar Laraba na zare dukan allurai, na zaɓi talatin mafi lafiya, na jera su tsaga ɗaya a cike, ɗaya a wofi. Na sassauta ƙusa har ƙarshenta. Gwaggo ta zauna da mazarinta tana kaɗa mini abawa daidai kaurin da na nuna mata, tana tsinke duk wani ƙulli da haƙori. Na rataya dutse a ƙasan saƙar don ya ja ta. Na juya hannu, ya tafi kamar ana zuba ruwa. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. Kafin faɗuwar rana ta Alhamis ina da saƙa kamu shida, na bi ta zagaye bayan zagaye ban sami zarge ɗaya da ya kuɓuce ba. Har yau ina cewa aikin ba shi da aibi.

Ranar Juma'a bayan masallaci manya biyar suka zauna a rumfa. Na shimfiɗa saƙar. Wani tsoho ya zura hannunsa ciki har kafaɗa, ya fito da shi ta ɗaya bakin, aka yi dariya. Wani ya ja, ya ga ta miƙe ta koma, ya ce, "Ikon Allah."

Baffa bai yi dariya ba. Masaƙanmu ƙwarya suke saƙawa, wato ɗan siririn ƙyalle mai faɗin yatsu kaɗan, wanda maɗinki ke haɗawa gefe da gefe har ya zama riga. Saboda haka ba a duban saƙa a tsakiya. Gefe ake dubawa, a auna faɗi da yatsu. Ya juya tawa, ya sake juyawa, yana neman gefe.

"Ina gefenta?"

"Ba ta da shi, Baffa. A kewaye take."

"To a buɗe ta mu ga faɗinta."

Na ga ya zaro aska. Na ce, "Baffa, kada..." Amma yaro ba ya riƙe hannun babba a gaban manya, kuma da na yi, shi ke nan an gama. Ya tsaga ta daga sama har ƙasa, tsaga mai kyau, miƙaƙƙiya. Nan take gefunan biyu suka naɗe kamar ganyen da ya sha rana. Ya miƙe su, suka sake naɗewa. Ya kama bakin ƙarshe, inda na cire ta daga allurai, ya ja silin da ke reto don ya gwada ƙarfinsa, kamar yadda ake yi wa kowace ƙwarya. Silin ya biyo shi. Ya ci gaba da ja, layi bayan layi yana warwarewa yana zubowa a cinyarsa guntu-guntu.

"Baba, a bar masa saura ya yi wa akuya wando," in ji ɗansa.

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Na yi bayani. Na ce ba a yanka ta, a kewaye ake sa ta, a ƙafa ko a hannu ko a kai. Na ce a ba ni kwana biyu in kawo wata. Na ji ina sa kalmomin Lakwaja a ciki, waɗanda ba wanda ya sani a wurin.

Baffa ya tattara guntayen a hankali, ya naɗe, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Ɗana, ka yi aiki, na gani. Amma abin da maɗinki ba zai haɗa ba, mai rini ba zai buga ba, aska kuma ta taɓa shi ya koma zare, ban san da wane suna zan karɓe shi ba. In na karɓa, gobe me zan ce wa wanda ya kawo mini ragar kifi?"

Ya dubi sauran manya. Ba wanda ya musa masa.

Aka ba ɗan baffana gurbin da ɗakin da gonar. Ranar Lahadi na bi ayarin fatake masu zuwa kudu.