Shuɗiyar Waya a Tsakar Gidanmu

A gidanmu na unguwar Nima intanet ɗaya ce, kwamfuta huɗu. Akwatin da ke rabawa yana ɗakin yayana, daga nan shuɗiyar waya ta fita ta taga ta ratsa tsakar gida zuwa shagon tela, da ɗakin Malam, da ɗakinmu ni da Kaka. Ni a raina ruwan famfo ne ke gudu a ciki. In tela ya buɗe nasa yana kallon ɗinkunan Dakar, mu sai ɗigo-ɗigo. Nakan kwanta da rana ina kallon wayar, ina ganin fuskokin mutane sun tsallako teku sun yi layi a cikinta da bokitansu.

Ranar sunan jaririyar kawuna da ke Jamus, Kaka ta ci ado tun hantsi, har da turare, wai kada jikarta ta ji ta da warin daddawa. Tunda kawu ya tafi ba ta ga fuskarsa tana motsi ba. Bayan la'asar ya kira. Ya ɗago jaririyar ke nan, hoto ya daskare, bakinsa a buɗe, ya yi kusan shekara a haka.

"Mai gida, me ka yi wa ɗana?" in ji Kaka.

"Hamma yake yi, Kaka. Hammar Jamus doguwa ce."

Ta jefe ni da mafici, amma idonta ya kawo ruwa. Na fita da gudu. Na roƙi tela ya kashe tasa, Malam ya tsayar da karatun da yake sauraro, yayana ya bar ƙwallo yana gunaguni. Duk da haka shiru.

Sai na ɗaga kai. Sabuwar 'yar hayarmu ta ga igiya mai kyau, ta shanya jiƙaƙƙen bargo a kai. Wayar ta lanƙwashe, bakinta ya zame daga akwatin. Muka sauke bargon, yayana ya mayar da bakin wayar, amma ƙusar da ke riƙe da ita a bango ta riga ta fita, da an saki sai ta sake zamewa. Na ɗauki taɓarya na tokare ta sama.

Haka na tsaya, sauran ruwan wanki na ɗiga a ƙeyata. Ban ga jaririyar ba. Na dai ji lokacin da ta wuce ta saman kaina, ba nauyi ko kaɗan. Can daga ɗaki Kaka ta rangaɗa guɗa, sannan ta sassauta murya tana cewa, "Juyo da ita. Hancin nan nawa ne."