Kafintan da ya goge bakin teburanmu

A shekarar da mutanen arewacin jiha suka gudo Yola saboda tashin hankali, ina koyarwa a wata firamare a Jimeta. Ajina ya cika har yara huɗu suna zama a benci ɗaya. Teburan kuwa sababbi ne, amma bakinsu kaifi kamar wuƙa. Kullum sai wani ya yage riga ko ya kuje gwiwar hannu.

Cikin waɗanda suka gudo akwai wani dattijo kafinta, Kirista, da Dada, mahaifiyata, ta ba shi ɗakin ƙofar gidanmu a Alkalawa, shi da matarsa da 'yarsa. Bai fito da komai daga shagonsa ba sai wani injin hannu da kafintoci ke kira rauta, wanda ake gyara bakin katako da shi. Da na ba shi labarin teburan, sai ya ce, "Malam, ka kawo su bibbiyu. Zama haka ya ishe ni."

Ranar Asabar na kawo na farko a keke napep. Ban taɓa ganin mutum mai natsuwa da aiki irinsa ba. Sai ya matse tebur da ƙarfe har ya tabbata ba ya motsi, ya shafa katakon da tafin hannu yana neman kan ƙusa, ya sa tabarau, ya ɗaure hanci da ƙyalle. Ba ya taɓa tebur sai ya gwada a guntun katako. Kuma ba ya cin bakin gaba ɗaya. Sau uku yake bi, kowane bi ya ɗan ƙara zurfi.

Na ce, "Baba, ai sau ɗaya zai fi sauri."

Ya ce, "Zai ƙone katako, ya fizge maka hannu. Kuma ka tura injin ta inda yake turjewa. In ka ji yana gudu da kansa, ka bi hanyar da ba ita ba."

A mako na uku aka ɗauke wuta muna tsakiyar aiki. Ya shiga ciki shan ruwa, ni kuma na ce bari in rage masa aiki. Na kifa injin a cinyata, na kama haƙorinsa mai cin katakon da yatsu zan kwance. Ban ji fitowarsa ba, sai dai na ga ya fizge wayar daga bango. Bai yi tsawa ba. Ya karɓi injin ya nuna mini makunnin: a kunne yake. Ba mu gama kallon juna ba aka dawo da wuta, fankar zaure ta fara juyawa.

Ya zauna kusa da ni ya ce, "Malam, wuta ba ta sallama kafin ta dawo. Ka cire waya tukuna, ko da garin duka duhu ne."

Muka gama teburan ajina, sauran malamai suka kawo nasu. Yara suka riƙa shafa bakin suna mamakin santsinsa, yage riga kuma ya ƙare.

Da ƙura ta lafa bai koma garinsu ba, ya buɗe shago a Vinikilang. Bara na kai masa ziyara na tarar idonsa ya raunana, 'yarsa ce ke riƙe da injin tana gyara ƙofar kabad. Muna hira a benci sai ya ɗaga hannu, ya karkata kunne.

"Kin yi zurfi," ya ce mata.

Ta kashe, ta cire waya, ta duba. Ta yi dariya, ta ɗauko sifana don ta rage zurfin.