Ranar da Aka Miƙa wa Ba-kuskure Makulli

Ba-kuskure ake kiransa, kuma ba a banza ba. Shekara ashirin yana fita farauta duk Asabar, bai taɓa dawowa hannu rabbana ba. Sauran kwanaki kafinta ne, mai 'yar rumfa a bakin titi inda garin katako ke taruwa har idon sawu. Su uku suke fita: shi, da ƙanensa Tela, da Mahauci mai tsohuwar a-kori-kura.

Suna da doka guda da suke taƙama da ita sai ka ce su suka ƙirƙiro hankali. In an tashi daga farauta, wanda ya fi kowa rashin sa'a shi zai tuƙa mota, don haka ba ya taɓa kwalbar giya. Sauran biyun su sha son ransu. Tela, bawan Allah, ko giwa aka ɗaure masa sai ya kuskure, saboda haka shekara da shekaru shi ne direba. Yakan karɓi makulli yana dariya, ya ce, "Yaya, kai ka harbo, ni in kai ka gida. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Abin da ba su sani ba, giyar Asabar ta daɗe da bin Ba-kuskure har rumfa, ta samu wurin zama bayan gwangwanin fenti. Hannunsa ya fara rawa, ƙusa ɗaya sai ya kai mata guduma sau uku. Maganin da ya yanke wa kansa wai ya kurɓa kafin ya ɗauki bindiga, don hannu ya tsaya. Ka ji wauta!

Wata Asabar ya kurɓa tun daga gida, ya ƙara a bayan bishiya. Zabuwa ta tashi a gabansa, kusan da ko takalmi ya jefa zai same ta. Ya harba, ya sami iska. Haka ya wuni. Mahauci ya samu zomo biyu. Tela kuwa, da yake abin zai faru, ya kayar da barewa, ta farko a rayuwarsa.

Tela ya yi ta tsalle. Ya buɗe kwalba da haƙori, ya kafa kai, sannan ya jefa wa wansa makulli. "Yau dai, Yaya, ni ne maigida. A tuƙa ni a hankali, ka ji, direba?"

Ba-kuskure ya tsaya da makulli a tafin hannu. Magana ɗaya ta rage ya faɗa: ni ma na sha. Amma in ya faɗa, za su gane hannun ya tafi, kafin Litinin sunan da ya yi shekara ashirin yana tattali ya zama abin dariya a bakin titi. Ya dubi ƙanensa, ya yi murmushin yaƙe, ya ce, "Ku hau."

Rana ba ta faɗi ba tukuna, titi fetal, ko akuya babu. Tela ya ƙi shiga gaba, ya zauna a baya yana dafe da barewarsa kada ta faɗo. A wata kwana da Tela ya sha wucewa lafiya lau, Ba-kuskure ya ga hanya ta rabu biyu, ya bi wadda babu.

Mahauci ya karye a ƙafa, kuma bai tuna komai ba. Ba-kuskure ko ƙwarzane bai yi ba. Tela kuwa ko asibiti ba a kai da shi ba, rai ya yi halinsa.

Mutane suka ce taya ce ta fashe, shi kuma ya bar su a haka. Ya sayar da bindiga, aka ce wayyo, zumunci ne. Abin da ke cin ransa matar ƙanensa ce. Duk safiya in za ta kai yara makaranta sai ta tsaya a rumfa ta gaishe shi. Ran nan ta ga ya rame, ta ce, "Yaya, ka daina zargin kanka. Da shi ne ya ja motar nan bayan ya sha, da har in mutu ban yafe masa ba. Hankalina a kwance yake, tunda kai ne a kan sitiyari, da hankalinka."

Ya ce, "Haka ne."

Ya jira har ta sha kwana da yaran, sannan ya miƙa hannu bayan gwangwanin fenti.