Kada Ƙafafun Dabo Su Daidaita

A ƙauyukan da ke tsakanin Makoda da Ɗambatta, inda gonar wani ke ƙarewa a gindin dangar wani, in ka ce Dabo za a ce wanne, amma in ka ce Dabo Tambaya har awaki sun san gidan. Haka Allah ya yi shi tun yana yaro. Me ya sa gero ke riga dawa nuna? Ina hadari ke zuwa da rani? An ce ranar da aka kai masa Hure, kafin ya yi mata sannu da zuwa sai da ya tambaye ta dalilin da lalle ya fi kama tafin hannu. Ta zauna da shi duk da haka. Mata dai akwai haƙuri.

Sana'arsa huɗa. Gonarsa 'yar ƙarama ce, irin wadda in ka yi atishawa a tsakiyarta maƙwabci zai yi maka addu'a, saboda haka ƙwadago yake yi a gonakin mutane. Da shekarun tsada suka shigo, mai ya tashi ya ja komai sama, tarakta ta gagari kowa, shanun huɗa ma aka kora su kasuwa don a ci abinci. Garmar hannu ta dawo da darajarta, Dabo ya zama ɗan gata. Da gajiya ta fara kayar da shi, wani mai kemis ya riƙa ƙulla masa haɗin gajiya, ƙwayoyi kala-kala da wata 'yar fara a ciki. Yana sha yana tashi kamar sabon ango. Mutumin da ya tambayi hadari inda yake zuwa, bai taɓa tambayar sunan 'yar farar nan ba.

Ciwon a gwiwar hagu ya fara. Aka ce sanyi ne. Wanzami ya yi ƙaho, maɗori ya murza ya ɗaure, gwiwa ta sha azaba ba ta san laifinta ba. Hure ce ta lura bakin wandonsa na hagu yana sharar ƙasa, na dama ko kusa. Ta sayar da tunkiyarta, suka hau mota sai asibitin ƙashi a Kano.

Likitar, wata mai suna Zulaihatu, ta ɗaga hoton ƙugunsa a gaban fitila.

"Malam, gwiwarka lafiya lau. Ƙara kawai take kawowa, mai matsalar yana sama." Ta nuna masa kan ƙashin cinya, inda yake juyawa cikin ƙugu kamar taɓarya a turmi. "Jini ya daina kai wa nan. Ƙashin ya mutu, nauyinka ya danne shi ya lotsa. Shi ya sa ƙafar ta gajarce."

"Ya mutu? Ina zaune? To yaushe aka yi rasuwar ba a gaya mini ba?"

Hure ta zungure shi. Likita ta yi dariya, ta ce irin wannan mutuwar ba ta sallama. Wani sikila ke jawo masa, wani giya, wani karaya, wani kuma ƙwayoyi irin 'yar farar da ya daɗe yana haɗiya. Sannan ta matsar da yatsa zuwa dama. Can ma an fara, amma kan ƙashin yana nan a mulmule.

Nan Dabo ya gyara zama, don an zo fagensa. Da wane gudu abin yake tafiya? Tafiyar kura ko ta hawainiya? Ta ce wani cikin watanni yake lotsawa, wani sai ya ɗauki shekara biyu ko uku, ba wanda zai yanke masa rana. Ana iya tsayar da shi? Ta ce ana iya rage masa gudu. Ya rabu da ƙwayar a hankali yadda za ta tsara masa, ba rana ɗaya ba. Ya riƙe sanduna, ya daina ɗaukar kaya. Sanduna ba sa warkarwa, lokaci kawai suke samo wa mutum. In an yi sa'a ƙashin dama bai lotsa ba, za a huda shi don jini ya samu hanya. In ya lotsa, huda ba ta da sauran amfani, sai a sa na ƙarfe, wanda ko tumakin ƙauyensu duka ba za su saya ba.

"Ka bar huɗa, Malam, mu samu mu yi huda."

'Yan'uwa suka ce za su haɗa hannu, amma sai bayan kaka. Dole ke nan ƙugun dama ya kai kaka a mulmule.

Isyaku, ƙanen Hure, mai gyaran takalmi ne a bakin hanya. Shi ya ƙara wa takalmin hagu tudu da guntun taya har Dabo ya tsaya daidai.

"Mijin Yaya, yau dai ɗaya daga cikin ƙafafunka ta hau mota."

Dabo kuwa yana can yana lissafi. In hagu ta gajarce don ta lotsa, ashe ranar da dama ta lotsa za su koma tsawo ɗaya. Daga ranar ya shiga uku da masu fatan alheri. Duk wanda ya gan shi da sanduna a ƙofar masallaci sai ya ce, "Allah ya daidaita maka ƙafafun nan." Shi kuwa ya ɗaga hannu: "Tsaya, kada kowa ya ce amin!" Har liman sai da ya zaunar ya yi wa bayani da zane a ƙasa.

Damina ta faɗi, rumbu ya koma gidan ɓeraye, ɓerayen ma suka yi ƙaura. Masu gona suna ta sallama a ƙofa suna neman mai huɗa. Tuwo ya koma sau ɗaya, sauran a cika da tafasa da rama. Wata safiya Dabo ya tono ragowar haɗin gajiya da ya ɓoye a cikin hula, ya jingine sanduna a bayan rumbu, ya saɓi garma. Ya gaya wa kansa gwaji ne, yana so ya ga abin da yini ɗaya zai yi.

Ya dawo da azahar ya zube a tabarma. Hure ba ta ce uffan ba. Wanda ya san Hure ya san shirunta ya fi faɗanta haɗari. Ta yafa mayafi ta ce za ta gaishe da ƙanenta.

Washegari Dabo ya zura takalma zai koma gona, sai ya ji ya karkata dama. Ya taka, ya sake takawa. Tudun hagu ya yi masa yawa. Ya zauna daɓas a kan turmi.

"Hure, sun fara daidaita."

"To, Malam, addu'ar jama'a ce ta karɓu. In ɗauko maka garmar?"

"Ɗauko mini sanduna."

Gonarsa ya ba wani ɗan'uwa ya noma a raba. Hure ta kama ƙuli-ƙuli, shi kuma ya tare a rumfar Isyaku yana yanka taya yana damun masu kawo gyara da tambaya. A nan ne wata rana ya juya takalminsa, ya ga wani siririn fallen taya da aka ƙara a ƙarƙashin tudun, ƙusoshinsa suna ƙyalli, na sauran duk sun yi tsatsa.

"Isyaku, me ya sa waɗannan ƙusoshin ba su yi tsatsa ba?"

"Je ka tambayi Yaya, in kana da ƙarfin hali."

Dabo ya daɗe yana kallon takalmin. Ya ɓamɓare fallen, ya tsaya, ya ji shi daidai kamar da. Ya koma gida da tambayar a bakinsa, ya tarar da Hure tsugune gaban kasko, hayaƙi ya rine mata ido. Tunda uwarsa ta haife shi, wannan ce tambayar farko da ya haɗiye. Garmar ma bai sake taɓawa ba.

Bayan kaka hoto ya nuna ƙashin dama yana nan a mulmule, aka huda shi. Likita Zulaihatu ta ce har yanzu ba ta yi alkawari ba, ya riƙa zuwa ana dubawa. Ya tambaye ta ko jinin ya san hanyar da aka buɗe masa, ko sai an yi masa rakiya.

Yana nan a rumfar Isyaku, ɗingishinsa bai ragu ba ko kaɗan. In baƙo ya tausaya ya fara masa addu'ar nan a ƙofar gida, Hure ce yanzu ke leƙowa ta kan danga tun kafin a kai ƙarshe.

"Bawan Allah, bar mini shi a karkace. Da ƙyar na samu ya tsaya haka."