Awarwaron Mero

A shekarun da Malam Iro yake da kunnensa, duk mai kuɗin da ya sayo manyan lasifikun ɗaki a Katsina ba ya yar da kwalinsu sai Iro ya zo ya saurara. In ya ce a ajiye, a ajiye. In ya girgiza kai, a mayar wa mai kanti.

Haifaffen unguwar Gobarau ne, ɗan wani tela. Ya ƙi keken ɗinki tun yana saurayi, ya bi gyaran rediyo. Shagonsa wani ɗan zaure ne mai warin dalma, ko'ina gawar rediyo. Na san shi ta dalilin aiki: in rakodar da muke ɗaukar wasan kwaikwayo ta fara cin kaset, wurinsa nake kai ta. Mutum ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, ba ya son a buga ƙofa da ƙarfi. Lasifikar 'yan talla kuwa garwa yake ce mata.

Yadda yake gwaji ba ya canzawa. Zai cire takalmi da hula, ya sa a kashe fanka, a janye kujeru. Ya auna taku biyar daga lasifikun ya zauna a ƙasa. Ba ya yarda a sa masa kiɗa. Kaset ɗaya ne tak, a naɗe cikin tsohon hankici a aljihun gaba.

Ya ɗauke shi ne ranar da ya sayi rakodarsa ta farko, yana gwada ta a tsakar gida. Matarsa Mero da wata maƙwabciya suna luguden gero. Ana jin taɓarya biyu suna karɓar juna, sai dariya, sai muryar Mero: "Malam, ka kashe abin ga mana! So kake duniya ta ji ina haki?" Minti uku ne duka. Mero ta rasu shekara tara bayan ɗaukarsa, bai kuma sake aure ba.

Mutane sun ɗauka turmin yake saurare. Ni kaɗai ya taɓa gaya wa gaskiyar.

"Turmi ai ko garwa ta hiddo shi, Malam Almu," in ji shi. "Murya ma ba wuya. Amma Mero tana sanye da awarwaro huɗu rannan. Duk ta ɗaga taɓarya sai su gangaro su haɗu, can sama, siriri. Lasihikar da ta kawo mani su, ita ce ta ƙwarai. Kada ka hwaɗa ma kowa, kar 'yan kasuwa su gane."

Da soja suka ce za su miƙa mulki, gari ya cika da kamfe. Alhaji Dabo, wani ɗan kwangila mai neman kujerar majalisa, ya nemi Iro ya haɗa masa lasifika huɗu masu bakin ƙaho a bayan a-kori-kura. Aiki ya yi ƙasa a shekarun nan, Iro ya karɓa. Hanyoyin ƙauyukan Batagarawa duk gargada ne, waya sai ta riƙa kuɓucewa tsakiyar waƙa, Alhaji ya fusata. Sai Iro ya koma zama a bayan motar, ƙarƙashin ƙahonnin, yana riƙe da wayar da hannu. Wata biyu yana haka, daga hantsi zuwa la'asar.

Da aka gama zaɓe ya ce mini wani gyare ya shige masa kunne, yana kuka ba fashi. Ya yi dariya. Ni ma na yi.

Sababbin 'yan siyasa suka shiga gina gidaje da sayen kaya, aka dawo neman Iro. Sai dai ya zama mai wuyar gamsuwa. Gwadabe, mai kantin kayan wuta da ke sayo kaya daga Legas, sau biyu ana mayar masa da lasifiku saboda Iro ya girgiza kai. Maganar ta zaga kasuwa cewa kayan Gwadabe jabu ne. Iro kuwa ya ce mini kayan zamani duk kwalliya ce. Na tambaye shi lasifikar shagonsa fa, wadda ya daɗe yana yabo? Ya ce takardarta ta saki, tsufa ya kama ta.

Alhaji Dabo ya ci zaɓe, ya tare a sabon gida. Gwadabe ya kawo masa wasu lasifiku baƙaƙe na katako, tsayinsu ya kai ƙirjin mutum. Wata Asabar bayan la'asar aka aiko wa Iro mota, ina shagon, ya ce in raka shi.

"Ga mai kunnen zinariya!" in ji Alhaji Dabo daga kan kujerarsa. "Malam Iro, an wuni lahiya? Ya gajiyar kamhe, ta sake ka?"

"Lahiya lau, ranka shi daɗe. Ya jama'a?"

Gwadabe na tsaye jikin bango, ya harɗe hannu. Gaisuwarsa ba ta wuce kalma biyu ba.

Iro ya cire takalmi da hula. Aka kashe fanka. Ya auna takunsa biyar, ya miƙa mini kaset ɗin na sa, ya rufe ido.

Na sha jin kaset ɗin nan, amma ban taɓa jin sa haka ba. Tsakar gidan Gobarau ta shigo falon gaba ɗaya. Turmin ya taso daga ƙasan tayil. Akwai wata kaza can baya da ban san da ita ba. Awarwaron kuwa suka fito ɗaya-ɗaya, har da inda ɗaya ya bugi bakin turmi. Na juya in ga fuskar Iro, ina jiran murmushi.

Ya buɗe ido ya girgiza kai.

"Ƙasa ta yi, ranka shi daɗe. Murya ta yi. Amma sama babu. A maida."

"Innalillahi!" Gwadabe ya baro bango. "Na uku ke nan, Iro! Mi na yi maka? Gonar ubanka na ci?"

"Gwadabe, a gidana kake," in ji Alhaji.

"A gahwarce ni, Alhaji. Amma shi hwaɗa mana abin da shika nema. Kullum sama, sama. Wace sama? Wanga abu har awarwaron matar nan na ji suna kacau-kacau, kamar a gabana take. In wannan bai yi ba, sai dai a tado ta ta daka mashi a nan!"

Bai san matar wa ce ba. Bai san abin da ya faɗa ba.

"Awarwaro?" in ji Iro.

"Ai ko ni na ji su," Alhaji ya ce. "Na ma zaci Hajiya ce ta wuce ta bayan labule."

Iro ya dube ni. Ni ne kaɗai a ɗakin na san me yake tambaya.

"Malam Almu, tsakaninka da Allah."

Na so in ce ban lura ba. Amma Gwadabe na tsaye, sunansa na lalacewa a kasuwa ba laifinsa.

"Suna nan, Malam," na ce. "Duka huɗun."

Ya ce a sake sa kaset ɗin daga farko. Ya tashi, ya bar takunsa biyar, ya je ya manna kunnen dama a ɗan ƙaramin bakin da ke saman lasifikar. Ya juya na hagu. Muna ji suna kaɗawa a gefen kuncinsa, shi kuwa ya runtse ido yana jira. Har aka yi dariyar, Mero ta yi maganarta, kaset ya ƙare.

Ya sa hularsa a hankali.

"Ka riƙe su, Alhaji. Ban taɓa ganin irinsu ba." Ya juya. "Gwadabe, ka yahe mani. Waɗancan biyun ma lahiyarsu lau. Zan hwaɗa a kasuwa da bakina."

Alhaji ya yi maganar asibiti, ya ce zai sa a duba masa likitan kunne a Kano. Ina jin da gaske yake a ranar. Majalisa ta zauna, ba a sake tayar da zancen ba. Iro ya je asibiti da kansa daga baya, aka ce masa abin da ya tafi ba ya dawowa.

Ya cika alkawari. Ya bi kantunan kayan wuta ɗaya bayan ɗaya yana cewa kunnensa ne ya mutu, ba kayan Gwadabe ba. Daga nan ba wanda ya sake aiko masa mota.

Har yanzu yana buɗe zauren. Yana liƙa dalma, yana canza batir, in rediyo ya yi magana sai ya tambayi mai shi ko ta fita sosai. In na je, yakan sa kaset ɗin, ya ɗora hannuna a gwiwarsa, ya ce duk inda awarwaron suka kaɗa in taɓa shi. Ina taɓawa, yana gyaɗa kai.

Zuwana na bayan nan, da aka zo wurin maganar Mero sai ya murɗa sautin rakodar har ƙarshe. Ya matso da kai.

"Ta riga ta ce in kashe?" ya tambaye ni.

"Ta ce, Malam."

Ya miƙa hannu ya kashe.