Ranar da Motar Siminti Ta Girgiza Jinin Baba

Ko me tsufa zai ɗauke mini, ba zai ɗauke ranar da aka ɗebi jinin mahaifina sau biyu ba. Lokacin kuɗin mai sun shigo ƙasa, kowa na gini, motocin siminti ba sa yankewa a titi. Ina ɗinki a Fagge, kuma ni mutum ne mai yawan fargaba. Sai in kulle shago in kai gida, in dawo in sake taɓa kwaɗon.

Gwiwar Baba ce ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi. Ƙannensa suka ce a kira wanzami ya yi masa sakiya bayan la'asar. Hankalina bai kwanta da ƙarfe mai zafi a jikin tsoho ba. Da ƙyar na lallaɓa shi muka je wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari, bisa sharaɗin in ba a ga komai ba mu koma wajen wanzami.

Likita ya tura mu ɗakin gwaji. Mai aikin wata Bayarabiya ce, haihuwar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar tamu. Ta ɗebi jinin, ta zuba a wata doguwar kwalba siririya mai lambobi a jiki, ta tsayar da ita cak. Da ta ga na ƙi barin bakin ƙofa sai ta ce, "Malam tela, shigo ka zauna, ka tare mini iska."

Ta ce jinin mai lafiya a hankali yake kwantawa, amma in akwai kumburi a jiki sai jan ya nutse da sauri ya bar ruwa a sama. Awa guda ake ba shi. Da ruwan ya fara fitowa na ce, "Sista, jinin Baba ya zama ruwa ke nan?"

"Naka ma haka zai yi. Nisan saukar muke dubawa."

Muna nan zaune wata motar siminti ta wuce, ɗakin ya girgiza har tagogi suka yi ƙara. Ni mai zura ido ban ga komai ba, amma ita ta ga kwalbar ta ɗan karkata. Ta ce, "Wannan ya ɓaci. Kwalbar da ta karkata ƙara wa ciwo gishiri take yi." Sauran jinin kuma bai isa a sake ba.

Ta sami Baba a kan benci, har ya sa hula. Ya ce, "'Yar nan, sayar da shi kuke yi ne? Wanzami na jirana."

Sai ta durƙusa gwiwa biyu a ƙasa, irin gaisuwarsu. "Baba, in na kai wa likita wancan, ban san ko gwiwarka ce ta yi magana ko mota ba. Ba ni hannun sau ɗaya, in ya so ka zage ni."

Baba ya naɗe hannun riga. "Ɗiba, amma ki rage mini na komawa gida."

Wannan karon can ƙuryar ɗaki ta kai kwalbar, ta zauna gadinta. Jinin ya sauka sosai. Likita ya haɗa da abin da ya gani a gwiwar, ya ba Baba gado, aka zuƙe mugunya, aka yi ta allurai. Da ƙafarsa ya koma zuwa masallacin Juma'a.

Da ta yi shiru, da babu wanda zai san kwalbar ta karkata. A wajenta na koyi cewa fargaba iri biyu ce: tawa tana zagaye wuri ɗaya, tata tana tashi ta gyara abu. Tun daga ranar, in zuciyata ta ɗaga nakan tambayi kaina ko akwai abin sakewa. In akwai in sake, in babu in bar wa Allah. Kwaɗon shago har yanzu ina taɓa shi, amma sau ɗaya.